'YAN DATA SUN YI MANA YAWA, MAI ƘIRGA YARANMU MUKE NEMA



Tun ranar da ɓangarenmu ya fitar da buƙatar a kafa sashen tantance alƙaluman tsaro a jihar nan, 'yan wancan ɓangaren suka saka mu a gaba. Wasu sun ce zagon ƙasa muke yi wa jam'iyya. Wasu sun ce kujerar ofis muke nema wa kanmu. Wasu kuma suna ta dariya, wai ƙirge ba ya kashe ɗan bindiga. To yau ga amsa. Ba zan zagi kowa ba, hujja zan kawo, wanda yake da wadda ta fi tawa ga fili ga mai doki.

Mu fara da abin da kowa ya shaida. A watan Afrilun 2014 aka kwashe 'yan matan Chibok. Bayan kwana biyu hedikwatar tsaro ta fito ta ce an kuɓutar da su, saura takwas kawai. Iyaye da shugabar makarantar suka ce ba haka ba ne, dole aka janye maganar, daga baya lissafi ya tsaya a kan 276. A Fabrairun 2018 aka maimaita a Dapchi. Gwamnatin Yobe ta sanar cewa sojoji sun ceto wasu daga cikin yaran, washegari ta dawo tana ba da haƙuri, sai bayan kwanaki gwamnatin tarayya ta tabbatar da 110. A Ƙanƙara, Disambar 2020, mai magana da yawun fadar shugaban ƙasa ya ce yara goma ne a hannun 'yan bindiga, gwamnan jihar ya ce 333, ranar da aka sako su aka ƙirga 344. A Jangebe, Fabrairun 2021, an fara da 317 aka ƙare da 279. A Kuriga, Maris 2024, an ce 287, da aka dawo da 137 gwamnati ta ce dama su ke nan. Tazarar yara 150 ke nan tsakanin maganar farko da ta ƙarshe.

Jama'a, ku lura fa, duk waɗannan makarantu ne. Wuri ne da ake kiran suna kowace safiya, akwai rajista, akwai malamin aji. Idan a makaranta ba a iya sanin yara nawa aka ɗauka, ina ga ƙauyen da ke bakin daji, wanda ko sabis ɗin waya babu? Kuma wannan ciwo bai san jam'iyya ba, gwamnatoci daban-daban duk ya kama su.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, mu ba mutanen da ba su iya ƙirge ba ne. Zamanin En'e, da ake karɓar haraji da jangali, babu magidancin da ya kuɓuce wa littafin dagaci, babu saniyar da malamin jangali bai bi sawunta ba, har sai da gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su bayan hawansu mulki a 1979. A yau ma, ranar zaɓe, akwai rumfuna sama da 176,000 a ƙasar nan, kuma kowane ɗan jam'iyya ya san yadda muke kwana a kan takardar sakamako. Ƙuri'a ɗaya ta ɓata, sai an je kotu. Wato in kuɗi za a karɓa mun iya lissafi, in ƙuri'a ce mun iya lissafi. Sai an zo kan ran talaka ne za a ce mana "mutane da dama" suka mutu, "wasu" aka sace. Da dama nawa? Wasu su wa?

Yanzu bari in yi bayanin aikin da muke magana a kai, don na lura masu sukarmu da yawa ba su ma san mene ne ba.

Mai tantance alƙaluman tsaro ba ya riƙe bindiga, kuma ba ɗan leƙen asiri ba ne. Aikinsa a kan tebur yake, da kwamfuta da waya. Idan aka kai hari, labari yana fitowa ta hanyoyi da yawa: rahoton DPO, saƙon mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi, littafin asibitin da aka kai masu rauni, lissafin hukumar agajin gaggawa a sansanin 'yan gudun hijira, da abin da 'yan sa-kai suka faɗa. Waɗannan ba sa taɓa zuwa daidai da juna. Hari ɗaya sai ya shigo sau uku, wani ya rubuta sunan ƙauye, wani sunan mazaɓa, wani sunan kasuwar da ke kusa. Wanda ya tsere cikin daji ya kwana biyu sai a saka shi cikin waɗanda aka sace, wanda ya cika a asibiti bayan mako guda kuma a manta da shi. Aikin wannan ma'aikaci shi ne ya zauna ya tace, ya cire maimaici, ya buga waya ya tabbatar, ya raba abin da aka tabbatar da wanda har yanzu jita-jita ne. Ya rubuta rana, ƙarfe nawa aka shigo, ƙarfe nawa aka kira jami'ai, ƙarfe nawa suka iso, mutum nawa, shanu nawa, ta wace hanya aka bi da su.

Idan ya tara wannan na wata shida, sai abin da ido ba ya gani ya fito fili. A ga cewa hare-haren wata ƙaramar hukuma sun fi yawa a daren kasuwa. A ga cewa wata gada ɗaya ce ake bi kullum. A ga cewa a wata shiyyar jami'ai na isowa cikin rabin awa, a wata kuma sai gari ya waye. Da wannan ne kwamanda zai san inda zai ajiye mota, da wannan ne gwamna zai san inda zai zuba kuɗi. Mai cewa ƙirge ba ya kashe ɗan bindiga, to ƙirge ne ke nuna wa mai bindigar gwamnati inda zai tsaya.

Akwai kuma rabi na biyu na aikin, kuma wallahi shi ne ainihin abin da ake tsoro. Shi ne bin diddigi, a tabbatar abin da takarda ta ce an yi, an yi shi. Takarda ta ce an sayi babura, to suna ina, nawa ke tashi, nawa suka koma gidan wani? Takarda ta ce an katange makaranta, je ka ɗauko hoto. Takarda ta ce ana biyan jami'an tsaron al'umma alawus, nawa ne masu rai a cikin jerin sunayen, yaushe rabon da kuɗi ya shiga hannunsu? Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a Janairun 2024. Mun yaba. Amma duk jihar da ta kafa irin wannan runduna ba ta ajiye mai auna aikinta ba, ba za ta taɓa sanin ko kuɗinta na aiki ba.

Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne. A 2018 ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta cewa kason tsaro da masu mulki ke kashewa ba tare da binciken odita ba ya kai kusan dala miliyan 670 a shekara. Kowa ya tuna kwangilar kyamarorin tsaro na Abuja ta dala miliyan 470 da aka ciwo bashi daga China, wadda har majalisa ta yi ta bincike a kan dalilin da ya sa ba sa aiki. Inda babu mai bin diddigi, haka kuɗin tsaro ke narkewa kamar gishiri a ruwa.

To mu zo kan hujjojin masu sukarmu.

Sun ce fitar da alƙaluma tona asirin tsaro ne. Tsakani da Allah, wa ake ɓoye wa? Ɗan bindiga ya san mutum nawa ya ɗauka, shi ke ciyar da su. Iyaye sun san 'ya'yansu nawa ba su kwana a gida ba. Ba mu ce a faɗi inda sojoji za su kwana gobe ko sunan mai kawo bayanan sirri ba, wannan a rufe shi ruf. Amma adadin waɗanda aka kashe a watan jiya ba sirri ba ne, an riga an yi musu sallah an binne su a gaban jama'a.

Sun ce 'yan adawa za su samu abin dukanmu. Ai yanzu ma suna dukanmu, da alƙaluman da suka ga dama, mu kuma ba mu da abin mayar da martani sai kalmar "ƙarya ne". Ku duba abin da ya faru a Disambar 2024, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da bincikenta cewa 'yan Najeriya sun biya kuɗin fansa kusan naira tiriliyan 2.23 daga Mayun 2023 zuwa Afrilun 2024. Mutane da yawa sun ce lissafin ya yi yawa, kuma suna da 'yancin faɗin haka. Amma maganin lissafin da kake shakka shi ne ka ajiye naka a kan tebur, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Wanda bai riƙe littafi ba, duk abin da aka rubuta masa dole ya haɗiye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sun ce babu kuɗin ɗaukar sababbin ma'aikata. A nan ne nake so mu kalli juna ido da ido. Mataimaka na musamman nawa aka naɗa a kan kafafen sada zumunta? 'Yan data nawa ake tura wa kuɗin kati duk wata don su rubuta cewa tsaro ya inganta? Albashin kaɗan daga cikinsu ya isa a ajiye ma'aikaci ɗaya a kowace ƙaramar hukuma da kwamfutarsa. An ɗauki masu yabo, an bar masu lissafi. Yabon Facebook kuwa bai taɓa dawo da ɗan kowa daga daji ba.

Sun ce aiki muke nema wa kanmu. Eh, muna nema wa matasa aiki, kuma ba ma jin kunya. Kwalejojin kimiyya da fasaha na Arewa suna yaye masu difloma a fannin ƙididdiga da na kwamfuta duk shekara. Ni ma difloma ce da ni, na san irin waɗannan yara, suna nan suna sana'ar POS da cajin waya, alhali sun iya Excel fiye da wasu daraktoci. Ɗan ƙauyen ya san bambancin Unguwar Sarki ta gabas da ta yamma, ya san wanda zai kira da tsakar dare ya faɗa masa gaskiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma mun ce a yi jarrabawa a fili. Kada a ba ɗan ɓangarenmu don namu ne, kada a ba ɗan nasu don nasu ne. Ranar da aka mayar da wannan kujera ta rabon 'yan siyasa, an kashe ta.

Kuma ɗaukar ma'aikaci kaɗai bai isa ba, sai an kare shi. Mun san yadda ofis yake. Yaro zai kawo rahoto cewa mutum 40 aka kashe, oga ya kalle shi ya ce mai girma ba zai ji daɗin wannan ba, je ka gyara. In ya ƙi, gobe ya ga takardar canjin wurin aiki. Ma'aikacin da albashinsa ke hannun wanda yake aunawa ba zai iya faɗin gaskiya kullum ba, ko da waliyyi ne.

Don haka ga abin da ɓangarenmu ke buƙata, kuma a rubuce za mu miƙa shi ga duk mai neman takara a ƙarƙashin jam'iyyar nan:

1. Majalisar dokokin jiha ta kafa sashen da doka, yadda sabon gwamna ba zai rushe shi da baki ba.

2. Duk wata a fitar da adadin hare-hare, waɗanda aka kashe, waɗanda aka sace da waɗanda suka dawo, na kowace ƙaramar hukuma, a karanta a rediyo da Hausa.

3. Rahoton ya je wa gwamna da majalisa a rana ɗaya, ba tare da ya bi ta hannun mai gyarawa ba.

4. Kowace makarantar kwana da ta jeka-ka-dawo ta riƙa aiko da adadin ɗalibanta duk mako, don kada a sake yin gardama a kan yawan 'ya'yan mutane.

5. Kada a kori ma'aikacin sashen ko a canza masa wurin aiki sai kwamitin majalisa ya ji dalili.

Ranka ya daɗe mai girma gwamna, da iyayenmu shugabannin jam'iyya, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu ne muka bi gida-gida muka roƙi ƙuri'a, mu ne kuma ke zuwa gaisuwar mutuwa a ƙauyukan nan, mu ake tambaya. Masu gaya muku cewa komai lafiya ba masoyanku ba ne, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zaɓe na zuwa, talakan da aka kashe wa ɗa ya riƙe nasa lissafin a zuciya ko da gwamnati ba ta rubuta ba.

Duk ɗan takarar da ya zo neman goyon bayan matasanmu, za mu ajiye masa waɗannan buƙatu biyar ya sa hannu. Wanda ya ƙi, ya nemi 'yan datarsa su zaɓe shi.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya ba shugabanninmu ikon jin gaskiya. Amin.