A Sayi Konrod Huɗu Tare, Ko A Dakata

A wannan fitowa muna so mu ajiye zancen taki da iri, mu yi magana a kan wani ƙarfe da tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, amma yana iya cinye ribar shekara guda.

Ƙungiyoyinmu da dama har yanzu suna riƙe da tsohuwar a-kori-kura, Peugeot 404 ko 504, wadda kowa ke kira Fijo. An fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, shi ya sa kusan kowane bakanike ya san cikinta. Ita ce ke kawo taki, ita ke kai masara kasuwa, kuma ita ake tasa da tsakar dare idan haihuwa ta yi gardama. Amma ta tsufa. Ran da injinta ya buga, sai kwamiti ya zauna, ma'aji ya buɗe littafi, a fara neman inda za a rage kuɗi. Sau da yawa a kan konrod ake ragewa.

Konrod shi ne hannun ƙarfen da ya haɗa fistan da karanshaf. Injin waɗannan motoci yana da guda huɗu. Sa'ad da inji yake juyi 3,000 a minti, kowane fistan yana tsayawa ya juya baya sau 100 cikin daƙiƙa ɗaya, konrod kuwa shi ke ɗaukar wannan fizga duka. Saboda haka masu ƙera mota sukan zaɓi huɗu masu nauyi kusan ɗaya su sa a inji guda. In aka kawo baƙo mai nauyi dabam aka haɗa da uku na gida, inji zai tashi, har a yi murna. Sai daga baya ya riƙa karkarwa, metal ya riƙa cinyewa.

Mun ga haka da idonmu a wata ƙungiya. Konrod ɗaya ya ƙone, aka aiki yaro kasuwa ya samo ɗaya mai araha, aka ɗaura da tsofaffin notuna. Kafin kaka ta ƙare ya tsinke a kan hanya da lodin dawa, ya fasa gefen inji ya leƙo waje. Da ma gyara ake yi, yanzu sai sayen inji sukutum, ga kuɗin hayar motar da ta kwashe dawar.

Ra'ayinmu shi ne, in za a sauya, a sayi huɗu tare daga inji ɗaya, irin na motarku daidai. Kada ku yarda da mai cewa Fijo duk Fijo ce. Injin fetur na 404 mai cc 1618 ne, fistan ɗinsa yana tafiyar milimita 73. Na 504 akwai mai 1796 akwai mai 1971, tafiyarsu milimita 81. Akwai kuma na dizal, wanda kayansa dabam ne. Wanda aka aika Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya tafi da tsohon konrod a hannu da lambar inji a takarda, bakanike kuma ya bi shi. Kuɗin motar mutum biyu bai kai kuɗin kuskure ɗaya ba.

Wani dattijo zai ce, me ya sa ba za a sayi sabo ba? In an sami na ainihi, madalla. Amma sabo mai ƙyalli wanda ba sunan maƙeri a jikinsa ko a kwalinsa, mu dai mun fi amincewa da tsoho na asali da aka ciro daga inji mai lafiya, muddin an duba shi. A duba babban bakin da ke kama karanshaf: in ya yi shuɗi ko baƙi, ya taɓa shan wuta, a bar musu abinsu. A kai wurin masu goge karanshaf su auna ko bakin yana nan a zagaye, su duba ko sandar ta lanƙwashe ko ta murɗe, gama ido kaɗai ba ya gani. Kowane konrod da murfinsa aka huda su tare, don haka murfin wannan ba ya zama a kan wancan, kuma ba a juya fuskarsa. A yi musu alama kafin a kwance.

Mun san wani lokaci asusu ba ya ɗaukar huɗu. To, in uku sun auna lafiya, a nemi na huɗun, amma a ɗora shi a ƙaramin sikeli tare da 'yan'uwansa, a ƙi wanda ya yi nisa da su. In ba a samu ba, gara motar ta kwana wata guda a ƙarƙashin mangwaro.

Notunan konrod kuwa a sa sababbi, a ɗaure su da sifana mai ma'auni bisa ga littafin motar. Bakaniken da ya ce hannunsa ya san ƙarfin, a roƙe shi da ladabi ya aro sifanar. Lambar metal kuma ta dace da yadda aka goge karanshaf.

Sauran tambaya ɗaya da kwamiti zai yi wa kansa kafin ma'aji ya fid da ko kwabo: me ya ƙona na farkon? Galibi baƙin mai ne, ko ya ƙare, ko ya daɗe ba a juye ba, ko famfonsa ya gaji. A sa bakanike ya buɗe famfon ya wanke hanyoyin mai, sakatare kuma ya ajiye ɗan littafi a cikin motar, inda direba zai rubuta ranar da aka juye mai da sunan wanda ya tsaya a wurin.