Kada Ki Zubar Da Kaset Ɗin Baba

Makon jiya na je Danchadi gaisuwa, sai na tarar da ɗiyar yayata tana sharar ɗakin mahaifinta, ta tara kaset-kaset cikin kwali wai bola za ta kai, tunda yanzu komai yana cikin waya. Na ce ke, dakata ki ji labarin Mamman Sani.

Mutumin Nijar ne, maƙwabtanmu, Allah ya ɗora masa son wani fiyanon lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla. A 1978 ya shiga gidan rediyon Yamai aka ɗauki kiɗansa, babu kalangu babu gurmi, daga shi sai yatsunsa, amma in kika kasa kunne sai ki ji amon waƙoƙin Fulani da Buzaye a ciki. Rediyo da talabijin suka yi ta saka shi tsakanin shirye-shirye, jama'a suka haddace kiɗan, da yawa ba su san mai shi ba. Kaset ɗin kuwa 'yan kaɗan aka buga.

Bayan shekara talatin da ɗoriya wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci guda ɗaya a Yamai. Guda ɗaya fa! Kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar da shi a 2013, dattijo ya shiga jirgi har Turai yana wasa. Shi dai Baturen nan ne ya shirya fim ɗin Mdou Moctar a Agadas, 2015.

Yarinya ta yi shiru, can ta ce, "To Anti, da me zan saurara?" Har yanzu cigiyar rakoda muke yi.