ILIMIN ZAMANI: In na'urar ajiya ta rikice, kada a yi garaje

A ƙasar Kurfai kowa ya san aikin mai tsaron rumbun tsimi. Hatsi na cikin buhunna, littafi kuwa shi ke faɗin na wane da wane, da inda aka jibge su. In littafin ya lalace, hatsi yana nan, amma rabo ya gagara.

Haka babbar kwamfutar ajiya take, irin wadda ma'aikatu ke zuba takardun haihuwa da na gonaki a cikinta. Faifanta na da nasa littafi mai nuna mazaunin kowace takarda. In wuta ta ɗauke tana tsakar rubutu, littafin na iya rikicewa. An ga irin wannan ɗaukewar wuta daga watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke lantarkin da take ba Nijar, har zuwa Maris na 2024. Zafin bazara da ƙurar hunturu su ma suna gajiyar da faifai.

Alamun ciwon su ne: takarda ta ƙi buɗuwa, sunaye su hautsine, ko na'ura ta ƙi karɓar sabon rubutu.

To, mi ya kamata ma'aikaci ya yi?

Na fari, ya tsaida aiki nan take. Duk sabon rubutu na iya taka tsohon.

Na biyu, ya binciki lafiyar faifan da ma'aunin SMART. In yana ƙara ƙas-ƙas, ciwon na ƙarfe ne, gyaran littafi ba ya warkar da shi.

Na uku, ya kwafe faifan ɗungum bisa wani sabo kafin ya taɓa komi.

Na huɗu, sannan ya sa magyari: chkdsk ga Windows, fsck ga Linux. Ba a sa fsck ga faifan da ke cikin aiki. Guntayen da ya tsinto yana tara su wurin da ake kira lost+found, sai a duba su ɗaya-ɗaya.

In ya gagara, kada a goge faifan. A kai shi Yamai wurin masana.

Yaron Shikal da takardarsa ta ɓace ana gab da jarrabawa, shi da uwayensa ke shan wahalar zirga-zirga zuwa Filinge. Don haka a sa batirin tsaro tsakanin na'ura da wuta, a riƙa kwafe ajiya kowane mako, a adana kwafin a wani ɗaki dabam, kuma kada a yada manyan littattafan takarda. Rigakafi ya fi magani.