Kati ko Gwaninta: Wa Za a Bari Ya Nutsa?

A Sharm el-Sheikh ta ƙasar Masar, ko shekara ashirin ka yi kana nutso da tukunyar iska, masu jirgi ba za su kai ka wuri mai zurfi ba sai ka nuna kati. Katin farko na PADI iyakarsa mita 18 ne. Mai son mita 40 sai ya ƙaro horo.

Mu nan Dukku sai mu ce raini ne. Da jirgi ya kife kusa da Warra a Mayun 2021, ai gwanayen ruwa na yankin ne suka yi ta nutso suna ciro mutane.

Amma ni ina bayan masu neman katin. Basarke yana riƙe numfashi ya taso lafiya. Mai shaƙar iskar tukunya in ya yi haka, huhunsa na iya fashewa. In ya taso da sauri, jikinsa na iya shanyewa. Iya wancan ba ya koyar da wannan.

Saboda haka gwamnati ta horar da Sarkawanmu, ta ba su kayan nutso da katin. Allah ya kiyaye.