Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Mahaifi Da Ɗansa A Aji Ɗaya

A Amurka, tun daga 1993 doka ta amince wa iyaye a dukkan jihohi 50 su karantar da 'ya'yansu a gida maimakon kai su makaranta. Lissafi da tarihi ba su cika gagarar irin waɗannan iyaye ba, domin sun taɓa yin su. Inda gizo ke saƙar shi ne darasin baƙon harshe, musamman Sifaniyanci, wanda mutum fiye da miliyan 40 ke magana da shi a gidajensu a ƙasar. To, yaya mahaifin da bai san harshe ba zai koyar da shi?

Ra'ayina shi ne ya sauka daga kujerar malami, ya zauna a tabarma ɗaya da ɗansa. Kowannensu yana da abin da zai amfanar da ɗaya. Babba ya fi saurin gane nahawu a farkon tafiya. Shi zai warware yadda aikatau ke sauya ƙarshensa gwargwadon mai aikin: hablo, ina magana, hablas, kana magana, hablamos, muna magana. Yaro kuwa kunnensa ya fi kaifi, harshensa ya fi laushi, ba ya kuma jin kunyar kuskure. Wajibi ne mahaifin ya jure gyara daga bakin ɗan shekara takwas, kuma wannan juriya darasi ce da babu ita a littafi.

Sai dai mu lura, ɗalibai biyu ba sa zama malami. Idan su kaɗai ke sauraron juna, kuskuren furuci zai yi jijiya a gidan. Manhajoji irin su Duolingo suna taimakawa wajen tara kalmomi, amma ba sa maye gurbin mutum. A 2003, Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington sun nuna cewa jarirai 'yan wata tara sun koyi bambance sautukan Sinanci daga mutumin da ke zaune gabansu, alhali waɗanda suka kalle shi a bidiyo ba su koya ba. Saboda haka dole a nemi wanda ya tashi da harshen, ko da ta intanet ne, a riƙa hira da shi duk mako.

Sai batun haƙuri. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Ingilishi na buƙatar sa'o'i 600 zuwa 750 a aji kafin ya iya aiki da Sifaniyanci. Mai yin rabin sa'a kullum zai haura shekara uku. Ma'auni na waje, irin jarrabawar DELE ta Cibiyar Cervantes, shi zai hana iyali yaudarar kansu.

Bahaushen da ya shiga wannan fage zai tarar da 'yan'uwa a ciki. Mulkin Musulmi a Andalus daga 711 zuwa 1492 ya bar dubban kalmomin Larabci a harshen. Azúcar sukari ne, aceituna zaitun ne, alcalde kuwa, wato magajin gari, tushensu ɗaya da alƙali. Wasulansu biyar ne kamar namu, yawancin sunayen mata da "a" suke ƙarewa kamar a Hausa, ga kuma Ikwatoriyal Gini a maƙwabtanmu tana amfani da shi a hukumance.

Ribar da ta fi harshen kansa ita ce yaron ya ga mahaifinsa yana tuntuɓe, yana tambaya, yana sake gwadawa. Yawancinmu umarnin karatu muke ba 'ya'yanmu, ba su taɓa ganin muna wahalar koyon komai ba. Yaron da ya gani da idonsa ba zai ɗauki rashin sani abin kunya ba.