Ɓera a ɗaki, zazzaɓin Lassa a gida

Da rani ya kama aka fara ƙona daji, sai ɓeraye su yo cikin gari neman abinci. A lokacin ne zazzaɓin Lassa ke ƙamari, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969. Fitsari ko kashin ɓera a kan hatsi ko tuwon da aka bari a buɗe ya isa ya kwantar da mutanen gida.

A ganinmu, an cika ɗora wa uwargida laifin ƙazanta. To, ta yi shara, ta yi wanke-wanke. Toshe ramukan ɗaki, sayen mazubi mai murfi da kwashe bolar ƙofar gida fa? Wannan kam yana wuyan maigida, kuma kafin shigowar hunturu ya kamata a gama shi.