Tsuntsu Malamin Jirgin Sama

Idan damina ta wuce, kogin Haɗejiya ya bar ruwa kwance a fadamu, sai tsuntsaye su taru a can ba iyaka. Akwai na gida, kamar su dinya da kirinjijiya da zalɓe. Akwai kuma baƙi masu tasowa daga ƙasashen Turai gudun sanyi, su ƙetare teku da Hamada, su sauka a dausayin Baturiya. Yara da yawa in sun gan su, ba abin da ke zuwa musu a rai sai danƙo da tukunya. Wannan kuwa kuskure ne, gama tsuntsayen nan malamai ne.

A dubi mikiya sa'ad da take shawagi. Gashin bakin fikafikanta yakan ware kamar yatsu, ya lanƙwasa sama. A bakin kowane fiffike iska takan murɗe, ta zama 'yar guguwa mai jan abin da ke tashi baya. Lanƙwasar nan ita ke rage ƙarfin guguwar. A shekarar 1976 wani masani na Amurka, Richard Whitcomb, ya nuna cewa jirgin sama ma zai amfana da wannan dabara. Shi ya sa yanzu ake ganin bakin fikafikan jirage a tanƙware. Jirgi mai irin wannan fiffike yakan rage shan mai da wajen kashi 4 cikin 100.

A kuma dubi garken dinya a sararin sama. Sukan jeru kamar bakin mashi. Na gaba yana tayar da iska, na baya ya hau ta, ya sami sauƙi. In na gaba ya gaji, wani ya karɓe shi. A shekarar 2021 kamfanin Airbus ya gwada haka. Jirage 2 suka tashi daga Faransa zuwa Kanada, ɗaya na bin ɗaya da ratar kilomita 3, na bayan kuwa ya sha mai ƙasa da yadda ya saba.

Wani zai ce ai an gama koyo. Ba a gama ba. Har yau babu jirgin fasinja da zai naɗe fikafikansa ya sauka a kan reshe, ko ya ƙetare Hamada da ɗan abincin da tsuntsu ke ci.

Ga shi kuma makarantar tana ƙanƙancewa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun ta ragu. Saboda haka ya wajaba manya su bar wa fadama rabonta na ruwa. Yaro kuwa ya ajiye danƙo, ya ɗauki fensir, ya zauna bakin ruwa ya zana abin da ya gani. Wataƙila maƙerin jirgin gobe yana aji huɗu a Haɗejiya.